An bar jaki, ana dukan taiki

Makon jiya abokiyar ɗakina ta jefa man gashinta a bola. Wai ta ji saƙon murya a WhatsApp an ce akwai silikon a ciki, yana sa kansa. Da dare kuma sai ga ta tana mulka man bilicin da ta sayo a kasuwa, wanda ko sunan kamfani babu a jikinsa. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƴan uwana ɗalibai, ku juya kwalbar ku karanta. Silikon iri-iri ne. Wanda ake rubutawa dimethicone shi ke sa mai ya yi santsi, kuma a saman fata yake tsayawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin abin kare fata. Ɗan uwansa simethicone ma ana ba jarirai idan ciki ya kumbura.

Masu tsoratar da mu suna fakewa da Turai. To, gaskiya ne Tarayyar Turai ta hana D4 a kayan kwalliya, saboda gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana iya taɓa haihuwa. Daga 2020 kuma ta ce D5, wato cyclopentasiloxane, kada ya kai kashi 0.1 cikin ɗari a abubuwan da ake wankewa, kamar sabulun gashi. Amma dalilinta ruwa ne: idan ya bi magudana ya shiga kogi ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a jikin halittun ruwa. Damuwa ce ta gaske, ban musa ba, sai dai ba maganar kansa ba ce.

Yanzu mu koma kan bilicin. Hydroquinone, Turan da ake kafa mana hujja da ita ta hana shi a man shafawa tun 2001. Mercury yana lalata ƙoda. Clobetasol magani ne na likita. In aka daɗe ana shafa shi fata ta yi siriri, nanƙarwa ta fito, yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. Mu kuwa ga su nan jibge a kan tebur daga Maraɗi har Yamai, ba mai tambaya.

Ban ce kowa ya so silikon ba. In yana sa gashinki nauyi, ki bar shi, ga man kaɗe nan. Amma kafin ki tura wa wata saƙon tsoro, ɗauko man da kike shafawa kullum, ki kai wa mai farmasi ya karanta miki abin da ke ciki.