Daga Madafa: Taliya da Nama Irin na Japan, a Bakin Kogin Nilu

A wannan fitowa tukunyarmu ta nufi gabas, zuwa garuruwan 'yan'uwanmu Hausawa na ƙasar Sudan, waɗanda ke zaune a Jazira da bakin kogin Nilu Shuɗi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Mai Wurno, kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga baya wasu suka biyo sawu, mahajjata da manoma, musamman da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe.

Abincin waɗannan gidaje, asida ce ko kisra da miyar busasshiyar kuɓewa, yana son lokaci da wuta mai yawa. To, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya bi ta Wad Madani da Sinja, ya raba dubban iyalai da muhallinsu, ya sa nama da gawayi suka yi tsada. A irin wannan hali, girkin da zai nuna cikin minti 20, ya kuma wadatar da mutum biyar da rubu'in kilo na nama, ba abin rainawa ba ne. Haka ma a namu gidajen, inda kuɗin cefane kullum sai ƙara gajarta yake yi.

Mutanen Japan sun daɗe da wannan dabara. Sun shafe ƙarnoni suna ƙauracewa naman shanu, sai a 1872 sarkinsu Meiji ya ci, jama'a suka biyo baya. Naman kuwa yankan bakin ciki suke yi masa, kamar ganye, su haɗa shi da kayan lambu da taliya mai kauri da suke kira udon. Sirrin duka yana bakin wuƙa, kuma a nan ne muke ganin Bahaushe ba baƙo ba ne. Gasasshen naman nan mai ƙuliƙuli da duk Sudan ta sani da suna agashe, Hausawa ne suka kai shi, sunan ma ya isa shaida. Hannun da ya iya fere naman tsire ba ya buƙatar malami daga Tokyo.

Ga yadda ake yi. A samu tsoka marar jijiya, a wasa wuƙa sosai, a yanka ta a gicciye, kada a bi tsawon zaren naman, don in an bi shi zai yi tauri. A zuba masa cokali 4 na baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya, cokali 1 na sukari, da ɗanyar citta da tafarnuwa da aka daka, a ajiye. Sai a dafa taliya rabin kilo, kowace iri ta samu, ko ta kanti ko 'yar murji, a tsame ta tun da sauran ƙarfinta, a rage kofi guda na ruwan dahuwar.

Yanzu a ɗora kasko ya yi zafi ƙwarai, a zuba mai cokali 2. A baza naman, kada a tara shi wuri guda, domin in ya cunkushe ruwa zai fitar, ya koma dafaffe. Minti 2 sun isa, a kwashe. A cikin man a soya albasa 2 da kabeji da karas, su yi laushi kaɗan kawai. A juye taliya, a mayar da nama, a yayyafa ruwan da aka rage, a juya. In akwai man riɗi a ɗiga a ƙarshe. Japanawa na ji da shi, ga shi kuma riɗi amfanin gonar Sinnar da Gadarif ne.

Wajibi ne mu ja hankali a kan abu guda. Girkin na asali ana sa masa sake da mirin, dukkansu kuwa giyar shinkafa ce, don haka ba su da wuri a tukunyar Musulmi. Aikinsu zaƙi ne da kashe ƙarni, sukari da 'yar matsar lemun tsami sun ɗauke wannan nauyi. Shi ma ruwan waken soya a duba tambarin halal a jikin kwalbarsa. Inda babu shi, a jiƙa dakakkiyar daddawa da gishiri a ruwan ɗumi, a tace. Ɗanɗanon zai karkato gida, mu kuwa a ganinmu hakan ba aibi ba ne.

A kai shi faranti da zafinsa, don taliya ba ta jiran maigida ya dawo daga hira. Masu son yaji su barbaɗa nasu a gefe, saboda yara.