Ƙwallon Zaidu Ba Daga Sama Ta Faɗo Ba



A wannan fitowar mun bar gardamar Barcelona da Real Madrid ta huta, mun leƙa ƙasar Fotugal, kakar wasa ta 2021/2022. Dalilinmu shi ne a wannan kaka ɗan garin Jega ta jihar Kebbi, Zaidu Sanusi, ya ci ƙwallon da ta tabbatar wa FC Porto kofin gasar ƙasar. Da yawa daga cikinmu sun ga bidiyon ƙwallon a waya, sun yi murna, sun wuce. Mu a ganinmu wanda ya tsaya a bidiyon bai ga komai ba tukuna.

Ga yadda abin ya faru. Ran 7 ga Mayu, 2022, Porto ta je birnin Lisbon gidan babbar abokiyar hamayyarta, Benfica. Wasanni biyu suka rage a gasar, kuma canjaras ma ya ishi Porto ta ɗauki kofi. Darwin Núñez na Benfica ya jefa ƙwallo a raga, aka duba na'urar VAR aka soke ta saboda satar gida. Ana cikin mintunan ƙarin lokaci sai Pepê na Porto ya ɗauko ƙwallo a guje daga baya, Zaidu, wanda aikinsa tsaron baya ne ta gefen hagu, ya bi shi har gaban raga, ya karɓa ya buga. An tashi 1 da nema. Porto ta ci kofinta na 30 a filin Benfica.

Daɗin labarin ke nan. To amma me ya sa canjaras kaɗai ya ishi Porto a ranar? Saboda ta shiga filin da maki 85, ta ba Sporting tazarar maki 6. Waɗannan maki a wasanni 32 aka tara su, galibi da ƙananan ƙungiyoyin da ba wanda yake biyan kuɗi a gidan kallo don ya gan su. Da aka kammala gasar, Porto ta yi nasara a wasanni 29, ta yi canjaras 4, sau ɗaya tak aka doke ta, a gidan Braga. Kafin wannan rashin nasara ta jera wasannin gasa 58 ba a doke ta ba. Ta ƙare da maki 91, adadin da babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa a gasar kafin nan.

Ku lura kuma da Sporting. A kakar da ta gabata ta ci kofi da maki 85. A wannan kakar ta sake samun maki 85 daidai, amma sai ta ƙare a ta biyu. Ƙoƙarin bara bai wadatar bana ba, domin wani ya ƙara himma.

Ba a ce Porto ta samu abin cikin sauƙi ba. A watan Janairu, ana tsakiyar gasa, ta sayar wa Liverpool ɗan wasanta mafi haske, Luis Díaz. Koci Sérgio Conceição ya jingina da yaran da ƙungiyar ta rena da hannunta, irin su Vitinha da Fábio Vieira da mai tsaron gida Diogo Costa. Da ba a shirya waɗannan yara shekaru kafin nan ba, da tafiyar Díaz ta karya ƙungiyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ma Zaidu haka hanyarsa take. Da ya je Fotugal, a Gil Vicente ya sauka, daga nan ya tafi Mirandela, ƙungiyar wani ƙaramin gari da take buga rukuni na uku. A 2019 ya koma Santa Clara, wadda take can tsibiran Azores a tsakiyar teku. Sai a 2020 Porto ta saye shi, a shekarar kuma ya fara buga wa Super Eagles. Ko a Porto ɗin bai miƙe ƙafa ba, domin a 2021 an kawo Wendell daga Bayer Leverkusen ta Jamus, wanda shi ma gefen hagu yake tsarewa. Mai tsaron baya da zai iya tsinka gudu daga gidansu zuwa gidan abokan karawa bayan minti 90 yana wasa, a filin atisaye ya sayi wannan numfashin.

Wani zai ce: ai gasar Fotugal ta ƙungiyoyi uku ce, me za a koya a ciki? Gaskiya ne, in ban da Belenenses a 1946 da Boavista a 2001, babu wanda ya taɓa ɗaukar kofin sai Benfica da Porto da Sporting. Amma wannan ne ya sa sakaci yake da tsada a can. Idan abokan takararka biyu suna cinye kusan kowa, canjaras biyu ko uku da ƙananan ƙungiyoyi sun isa su raba ka da kofi. Sannan taurarin da muke yi wa ihu a gasar Ingila da Faransa, da yawansu a nan aka dafa su. Bayan wannan kakar kaɗai, Darwin Núñez, wanda ya fi kowa cin ƙwallo da guda 26, ya tafi Liverpool, Fábio Vieira ya tafi Arsenal, Vitinha kuma ya tafi Paris Saint-Germain.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne a cikinmu akwai masu burin buga ƙwallo a Turai, kuma burin ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauka cewa ana tashi daga filin unguwa a sauka a Porto. Wannan tunanin ne yake sa yaro ya fara gudun aji, ya matsa wa iyaye su sayar da gona ko dabbobi don a ba wani mai cewa shi dillalin 'yan wasa ne, wanda zai iya ɓacewa da kuɗin. Zaidu da ya yi nasara sai da ya shafe shekaru a ƙananan ƙungiyoyi. Waɗanda suka bi hanyar ba su kai ba sun ninka waɗanda suka kai, kuma rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya tsayar da wasan mutum. Ranar da haka ta faru, takardar makaranta ce za a nema.

Saboda haka kiranmu biyu ne. 'Yan'uwa ɗalibai, mai son ƙwallo ya riƙa zuwa atisaye a kan lokaci, ya kuma shiga aji a kan lokaci, kada ya miƙa wa kowa kuɗi ko fasfo ba tare da iyaye da malamai sun bincika ba. Malamanmu na wasanni kuma muna roƙon a shirya mana gasar ajujuwa irin ta tara maki, kowane aji ya kara da kowane aji har zango ya ƙare, a riƙa liƙa teburin sakamako a wannan allo duk mako. Gasar sili ɗaya ƙwale tana ba mai sa'a kofi. Ta tara maki kuwa za ta nuna mana wanda yake zuwa fili kullum, kuma shi muke son mu sani.

Mai ra'ayi daban ya rubuto wa Ƙungiyar 'Yan Jarida, za mu liƙa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.