Kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano: A Naɗi Darussa a Murya

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi da Shugaban Hukumar SUBEB.

Ina da ƙoƙon bara a madadin yaran makarantun gwamnati, musamman na karkara.

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, rediyo ne ya riƙe karatun yaranmu. An watsa darussan lissafi da Turanci, iyaye da yara suka kasa kunne, domin mu mutane ne masu sauraro tun kafin BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957. Sai dai darasin rediyo in ya wuce ya wuce. Yarinyar da aka aika ɗebo ruwa a wannan lokacin ta yi asararsa.

Darasin da aka naɗa, irin shirye-shiryen podkas na yanzu, yana zaune a cikin waya, a ji a sake ji. Na minti goma ba ya cin wuri. Ana tura shi ta Bluetooth ko a katin memori, kamar yadda masu shagon caji ke tura wa'azi da waƙoƙi kullum, kuma ƙaramar waya mai maɓalli ma tana kunna shi. Shirin Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 abin a yaba ne, amma ya fi isa ga mai babbar waya da kuɗin data. Ɗan manomi a Doguwa ba ya cikin wannan sahu.

Roƙona shi ne ma'aikata ta zaɓo gogaggun malamai, ta kai su ɗakin naɗar murya na Gidan Rediyon Kano, su karanta darussa bisa manhajar karatu ta hukumar NERDC, kwamiti ya tantance kafin a raba. A fara da karatun Turanci, inda yaro ke buƙatar jin lafazi daidai, sannan kimiyya da bayani cikin Hausa. A biya malaman alawus ɗinsu, don aiki ne. Kowace makaranta a ba ta waya ɗaya da sifika mai aiki da hasken rana, su zauna a hannun hedimasta.

Kada a ce na nemi a maye gurbin malami da na'ura. Malami ne zai kunna, ya tsayar, ya yi tambaya, ya mayar baya idan ya ga fuskokin yara ba su gamsu ba. Inda babu malamin kimiyya sam, naɗaɗɗen darasi ya fi zaman banza nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai kuwa, su ma ɗaliban sakandare a bar su su naɗi nasu. Su je marinar Ƙofar Mata ko Kasuwar Kurmi su tattauna da dattawan sana'a, su rubuta tambayoyinsu, su tace, su gabatar a aji. A aiki ɗaya sun koyi rubutu, da tarihi, da iya magana gaban jama'a.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ina roƙon a sa wannan shiri cikin ayyukanta, a gwada shi a ƙananan hukumomi kaɗan daga cikin 44 na jihar a zangon karatu mai zuwa. Allah Ya yi muku jagora.