A Daina Barin Ƙananan Yara A Gida In Za A Je Kano



Akwai wata al'ada a gidajenmu da nake so mu duba. Duk lokacin da tafiya ta taso zuwa babban birni, ko biki ne ko sayayyar Sallah ko dubiya, abu na farko da manya ke yi shi ne lissafin wanda za a bari a gida. Kowa kuma ya san a kan wa lissafin yake ƙarewa. A kai ƙananan yara wajen kaka, a yi musu alkawarin tsaraba, a sulale tun suna barci. In ma an tafi da su, to daga tasha sai gidan biki, daga gidan biki sai Kantin Kwari, daga nan a koma tasha. Yaro ya je Kano ya dawo, amma iyakar abin da ya gani cunkoson A Daidaita Sahu ne da ƙafafun mutane a kasuwa. A ganina wannan asara ce. Ya kamata a riƙa tafiya da su, kuma a ware ko da yini ɗaya ne a nuna musu wuraren tarihi.

Ba da ka nake wannan magana ba. A dogon hutun da ya wuce mun tashi daga nan Haɗejiya mun je Kano bikin 'yar kawunmu, ni da Baba da Umma da ƙanena ɗan shekara shida da autarmu 'yar shekara huɗu. Bayan an kai amarya Baba ya ce za mu ƙara kwana ɗaya mu ga gari. Nan take wata gwaggonmu ta ce, “Yaya, me waɗannan za su gane? Wahala kawai za ka ba su.” Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, na san iyayen da yawa daga cikinku haka za su ce. Shi ya sa nake so in amsa mata a nan, tunda a gabanta ba ni da bakin magana.

Da Dutsen Dala muka fara, da sassafe kafin rana ta yi zafi. A aji an koya mana cewa a gindin wannan dutse Kano ta samo asali, mutane sun zauna a wurin suna narka tama suna ƙira tun kafin a yi sarauta, kuma a nan Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. An ce Bagauda ya zama sarki na farko a shekarar 999. Duk wannan na haddace shi saboda jarrabawa. Amma sai da na hau na tsaya a sama na ga dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi wurin. Kana ganin gari ta kowace kusurwa, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga gidaje har iyakar ganinka. Wanda ke saman nan babu maharin da zai zo masa ba-zata. Ƙanena bai san Barbushe ba, bai kuma damu da shi ba. Shi matakala ya ƙirga, ya wuce ɗari yana haki, ya ƙi yarda a ɗauke shi. Da muka isa sama ya tambayi Baba wai ina Haɗejiya take, Baba ya nuna masa gabas. Tun daga ranar ya san gabas ba wajen salla kawai ba ce, hanyar gida ce ma. Auta kuwa a bayan Umma ta hau, a bayan Umma ta sauko.

To ga babbar hujjar masu cewa a bar su a gida: wai ba za su tuna ba. Ni ma na yarda Auta ba za ta tuna sunan sarki ko shekara ba. Amma wa ya ce sai abin da aka tuna da sunansa ne yake da amfani? Ba ma tuna ranar da muka koyi tafiya, ga shi kuwa muna tafiya. Ranar da ƙanena zai shigo wannan makaranta malam ya rubuta “Dala” a allo, shi ba kalma zai gani ba, dutsen da ya sa shi haki zai gani. Mu da muka fara jin sunan a allo mun san yadda yake shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.

Inda na fi so a kai kowane yaro shi ne marinar Ƙofar Mata. Masu wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan, wato sama da shekara 500 ke nan. Ramuka ne zagayayyu a ƙasa, jere da juna, zurfinsu ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. A ciki ake haɗa ruwa da toka da baba, a bar shi kwanaki har ya nuna. Warinsa ba daɗi, gara in faɗa muku tun yanzu, Auta ma toshe hanci ta yi. Wani dattijo marini da ke zaune bakin raminsa ya ga yara sun tsaya, sai ya ce, “Ku matso jikokina, amma ku riƙe hannun yayarku.” Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago shi. Abin mamaki, ba shuɗi ya fito ba, kore-kore ya fito. Yana riƙe da shi a iska, muna kallo, ya riƙa juyewa a hankali har ya zama shuɗi. Ƙanena ya ce, “Baba, wa ya canza shi?” Dattijon ya yi dariya ya ce iska ce. Ya sake tsomawa ya ɗago, ya sake, kowane ɗagowa launin yana ƙara duhu.

Da muka dawo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya, ya ce gaskiya dattijon ya faɗa: sinadarin da ke cikin baba sai ya haɗu da iskar da muke shaƙa sannan yake zama shuɗi ya kama zare, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa maimakon a jiƙa a bari. Ku duba fa, darasin kimiyya ne cikakke, kakanninmu suna yin sa tun kafin a gina makarantar boko ko ɗaya a ƙasar nan, kuma yaro ɗan shekara shida ya gan shi da idonsa ya yi tambayar da ta dace. Zanen da ke jikin ƙyallen kuma mata ne ke ƙulla shi da zare a cikin gida kafin a kawo rini, in an warware ƙullin sai wurin ya fito fari. A gefe akwai masu bugu, suna dukan rinannen yadi da manyan guduma na itace har ya yi sheƙi. Irin wannan baƙin yadi mai sheƙi ne Buzaye ke naɗawa, fatake suna kai shi har cikin Sahara. Auta ta ɗauka kiɗa ake yi, ta kama rawa.

Amma akwai abin da ya dame ni a wurin. Ramukan da ake aiki a cikinsu ba su kai waɗanda aka bari ba. Da yawa sun bushe, wasu ƙasa ta cike su. Yadin kanti ya fi araha, matasa kuma ba su cika son gadon sana'ar ba. Mafi yawan waɗanda muka tarar suna aiki masu furfura ne.

Haka ganuwa ma. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, har da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903 tsayinta a wasu wurare ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Yau in kana wucewa a mota ta wajen Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, sai an nuna maka sannan za ka gane ita ce. Wani wuri tudun ƙasa ne kawai da ciyawa a kai, wani wuri ruwan sama ya zaizaye ta, wani wuri an ɗebe ƙasar, wani wuri kuma gini ya hau kanta. Wasu ƙofofin ma ba na asali ba ne, an sake su da siminti da aka faɗaɗa titi. To masu cewa “bari su girma tukuna”, ina tambaya cikin ladabi: Auta za ta kai shekaruna nan da shekara tara. Wa zai ba ni tabbacin abin da ya rage na ganuwar zai jira ta? Wa zai ba ni tabbacin dattijon nan zai sami magaji a bakin raminsa? Wannan ne ya sa ban yarda da jira ba.

Gidan Makama ma mun shiga. Ginin ƙasa ne tun zamanin Rumfa, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da takubba, da hotunan sarakuna. Abin da ya fi burge Umma shi ne sanyin ɗakunan, babu fanka amma kamar an yayyafa ruwa. A nan dai yaran suka fara gajiya, domin wurin karatu ne da kallo, ba a taɓa kaya. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ba mu samu zuwa ba, lokaci ya ƙure.

Ba zan ɓoye ba, gwaggo tana da gaskiya ta wani gefen. Yara suna gajiya, suna jin yunwa a lokacin da ba a shirya ba, suna neman banɗaki a inda babu. Amma maganin wannan ba barin su a gida ba ne, a tsara yinin daidai ƙarfinsu. Wuri biyu ko uku sun isa. A fita da wuri, a riƙe ruwa, in rana ta take a nemi inuwa a zauna. Mu bayan azahar gurasa bandashe muka saya muka ci, Auta ta yi barci a cinyar Umma, aka jira ta ta tashi. In damina ce kamar lokacin da muka je, a duba sama kafin a hau Dala, kada ruwa ya tarar da mutum a kan matakala da goyo.

Kasuwar Kurmi ce kaɗai zan ce a yi tunani kafin a shiga da ɗan shekara huɗu. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta, kuma akwai abin kallo: sirdi da linzami, jakunkunan fata, ƙore, faifai, turare. Amma lungunanta matsattsu ne, sun yi kama da juna, ga masu baro suna ta “a ba da hanya”. Babba ma yana iya ɓata. Kafin mu fito Baba ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a takarda ya sa wa kowane yaro a aljihu, ya kuma sa ƙanena ya maimaita sunan unguwar kawu har ya zauna masa. A cikin kasuwar kawu ne ya saɓa Auta a kafaɗa, ni kuma na riƙe ƙanena ban sake shi ba har muka fito. Da wannan shiri ana iya shiga, in babu shi gara a tsaya a Ƙofar Mata.

Maganar kuɗi kuma, na san halin da ake ciki, ba kowane gida ne zai iya tashi takanas don yawon buɗe ido ba, mu ma ba mu iya ba. Biki ne ya kai mu. Kuɗin mota an riga an biya, masauki gidan kawu ne. Abin da ya ƙaru shi ne kuɗin A Daidaita Sahu da na shiga gidan tarihi da ɗan abin da Baba ya ba dattijon marina. Baba ya ce bai kai kuɗin ankon da Umma ta ɗinka ba, Umma ta harare shi.

Yanzu saura mu, yayye. Mu ne ke goyo, mu ne ke riƙe hannu, kuma mu yaran ke jefa wa tambaya idan manya suna hira. Ƙanena ya tambaye ni me ya sa aka kewaye gari da katanga, me ya sa ake rufe ƙofa da dare, wa ke riƙe mabuɗin. Na farko da na biyu na amsa da abin da aka koya mana a aji, na ukun Baba ne ya gaya mana cewa kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa. Saboda haka ina roƙon malamanmu na tarihi da na Hausa, kafin hutu mai zuwa a rubuta mana takarda ɗaya a manna a wannan allo: wuraren tarihin da ke Kano da Katsina da Daura da Zariya da Sakkwato, da bayani layi biyu a kan kowanne, yadda duk wanda tafiya ta kama gidansu zai kwafa ya nuna wa babansa. A sa Haɗejiya a farkon takardar. A nan garin Sarki Muhammadu ya yaƙi Turawa a 1906 har ya yi shahada, kuma na tambayi 'yan ajinmu goma ko an taɓa kai su a nuna musu inda abin ya faru, biyu ne kawai suka ce e.