Kafin Likita Ya Ɗauki Wuƙa

A Agege da Idi-Araba da Mile 12, tumbi ya daɗe yana zaman shaidar arziki. Amma yanzu ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa sun sa waɗansu attajirai da matansu neman aikin rage ƙiba, wasu a asibitocin kuɗi na nan Ikko, wasu kuwa sai Indiya ko Masar ko Turkiyya. Aikin ba sabo ba ne. Tun 1966 wani likitan Amurka, Edward Mason, ya soma karkata hanyar abinci a ciki. A yau wanda aka fi yi shi ne a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar.

Abin da jama'a ba su gane ba shi ne sharaɗin da ke gaban aikin. Likita yakan ɗora mutum kan abinci ɗan kaɗan har mako 2, wani lokaci 4, watau kalori 800 zuwa 1,000 a yini, alhali namiji baligi yakan bukaci wajen 2,500. Dalili kuwa hanta ce. Gefenta na hagu a kan tumbi yake kwance, kuma hantar mai ƙiba takan cika da kitse ta kumbura. Tun da ta 'yan ƙananan huji ake aikin yanzu, dole a ɗaga hantar kafin a kai ga tumbi. In mutum ya rage tuwo da sukari, jiki yakan cinye ajiyar da ke cikinta, ta sace. In bai rage ba, hanta na iya tsagewa ta yi jini, ko kuwa likita ya leƙa ya fasa aikin, a ɗinke mutum ya tashi da tumbinsa, kuɗin jirgi kuma sun tafi.

To, a nan ne laifin dangi yake. Da an ji Alhaji zai shiga asibiti sai kwanuka su fara zuwa: wannan masa, wancan fura da nono, wani tsire da burodin Agege, wai don ya sami ƙarfi. Mayar da kwanon maƙwabci kuwa abin kunya ne. Kwalbar lemo ɗaya kaɗai ta kai kalori 140. Wasu kuma sukan ce ai sun saba da azumi, sun manta da irin cin da ake yi bayan magariba.

Mai ciwon sukari shi ya fi shiga haɗari, domin in ya rage ci bai rage allurar insulin ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Wajibi ne likita ya daidaita masa magani tun ranar farko, uwargida kuma ta tafi tare da shi asibiti ta ji bayanin da kunnenta, tun da tukunya a hannunta take.