WA YA CE TALAKA BAI IYA LISSAFI BA?

Ƴan'uwa na rassan Ƙonni, da Malbaza, da Galmi, da Illela, da Badagishiri: Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Maganar haihuwa ce yau. Kullum a ke ce mana talakan Nijar yana haihuwa da yawa sabo da jahilci. A 2017 shugaban Faransa, Macron, ya tsaya a taron manyan duniya a birnin Hambug ya ce ƙasar da mace ke haihuwar bakwai ko takwas, kome kuɗin da aka zuba mata ba za ta daidaita ba. To, a tuna masa. A 1920 Faransa ta yi dokar hana maganin tazarar haihuwa, dokar ta hau kanmu mu ma, kuma sai a 1988 Nijar ta halatta maganin. Lokacin da a ke neman hannun aikin tilas da na soja, ba wanda ya ce mun yi yawa.

Mu dai mun ce talaka ya iya lissafi, kuma lissafin ne ya kai shi inda ya ke. Ku dubi manomin Maggiya. Ba shi da fansho, ba shi da ajiya a banki. Ran da ƙarfinsa ya ƙare, wa zai noma gandu? Wa zai aiko da kuɗin hatsi daga Abijan ko Libiya in rumbu ya ƙare tun bazara? Ɗansa. Ga kuma mutuwa. Binciken 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a ƙasar nan, 318 ba su kai shekara 5 ba. Kusan ɗaya cikin uku ke nan! Uwar da ta binne uku ba za ta saurari mai ce mata ta tsaya a huɗu ba, kuma ba ta yi wauta ba.

Amma fa, jama'a, gaskiya ba ta da ɓangare ɗaya. Lissafin kakanninmu ya soma tsufa. Mutuwar yara ta sauka zuwa 127 a 2012, alhamdu lillahi, ga rigakafi, ga gidan sauro. Haihuwa kuwa ba ta bi ta nan da nan ba: a 2012 tana 7.6 ga kowace mace, sai a binciken 2021 aka ga ta sauko 6.2. Zuciyar da ta saba da rashi ba ta saurin yarda. A tsakanin nan mutane suka ƙaru, daga miliyan 5 da ɗoriya a ƙidayar 1977 zuwa miliyan 17 a ta 2012, jihar Tawa kaɗai ta wuce miliyan 3. Gona kuwa ba ta haihuwa. A ce tsoho ya bar gonar dami 200 ga ƴaƴa maza biyar. Kowa ya tashi da 40. In kowannensu ya haifi biyar, jika ya tashi da dami 8. Wane gida ne dami 8 zai kai damina? Ko filin noman rani na Ƙonni, mai shan ruwan madatsun Mozage da Zango, iyakarsa tana nan inda aka shata ta, magada ne ke ƙaruwa.

Yaro kuma ya yi tsada. Da can yana shekara 7 ya bi awaki, ya fara biyan tuwonsa. Yau ga ragon suna, ga takardar magani, ga kayan lakwal shekara da shekaru kafin ya kawo dala ɗaya gida. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanka jika 42 ne a wata, kuma mutum nawa ne cikinmu ke da albashin ma?

A nan ne gidaje suka rabu biyu, kuma wannan mu ke so rassa su lura da shi. Ma'aikacin gidan siminti na Malbaza, ko mushen lakwal mai biyan haya a Ƙonni, ya san abin da zai shigo hannunsa ƙarshen wata. Shi in rayuwa ta yi tsada yakan jinkirta aure, ko ƙarin aure, matarsa ta je likita a ba ta hutu. Haka a ke yi a ƙasashen albashi, har Koriya ta Kudu ta faɗi ƙasa da ɗa ɗaya ga mace a 2018. Wanda bai san abin gobe ba kuwa, tsada ba ta rage masa haihuwa. Ina zai rage, alhali su ne jarinsa? Sai dai nauyin ya koma kan yaran. Namiji a cire shi daga lakwal ya tafi biɗa. Mace a aurar da ita don a rage baki ɗaya a akushi. Binciken 2012 ya ce mata uku cikin huɗu an aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta fara haihuwa tana 15, ku ƙirga shekarun da ke gabanta.

Rashin sanin gobe kuwa mutumin Ƙonni ya fi kowa saninsa, don abincinsa yana rataye da iyaka. An rufe ta a 1984 ana tsakiyar yunwa, har aka sa wa yunwar sunan Buhari. An karya darajar sefa a 1994. An sake rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, masu ruwa-ruwa suka zauna, kana takunkumi ya biyo baya har farkon 2024. Mai albasar Galmi shi ma haka: lokacin cira kowa ya kawo, buhu ya faɗi, bashi na jiransa, ya sayar. Wanda ya iya ajiye ta a rudu wata uku shi ke cin ribar.

Sabo da haka duk mai son haihuwa ta daidaita, ya bar wa'azi a otal ɗin Yamai, ya zo ya gyara lissafin. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Kyautar da za a rubuta maka takarda ka tafi kanti ba kyauta ba ce, a sa maganin a likita. A ba mai albasa wurin ajiya da bashin da zai jira kasuwa. A kawo makarantar gaba kusa da ƴan mata, da wurin kwana mai aminci.

Mu ma da namu. Tazara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa; iyayenmu mata suna shayarwa shekara biyu, kuma kwanika abin kunya ce a wurinsu. Amma magidanci nawa ne cikin reshe ya taɓa zama da uwargida ya tambaye ta ko jikinta zai ɗauki wani cikin bana? Ita ke auna tiya kowace safiya, ta fi shi sanin abin da ya rage a rumbu.

Kowane reshe ya ƙirga mana unguwarsa kafin taro mai zuwa: yara mata nawa suka bar lakwal bana, maza nawa suka tafi biɗa, da dalilin da iyayen suka bayar. A tambayi iyaye mata dabam, ba a gaban maza ba. Sakataren reshe ya rubuta ya aiko.