Ƙofar fita da aka ɓoye a Windows 11

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, abin da ya sa ofisoshi da shagunan buga takardu da dama suke komawa Windows 11, wadda ta fito tun ranar 5 ga Oktoba, 2021. Cikin abubuwan da ke ɗaure wa sabon shiga kai akwai wata 'yar tambaya: ta ina mutum zai fita daga asusunsa idan ya gama aiki? Maɓallin kashe kwamfuta, inda hankali ke fara zuwa, ba ya ɗauke da wannan zaɓi. Sai an buɗe Start, an danna suna ko hoton mai asusu a can ƙasa ta hagu, sannan a ga inda aka rubuta "Sign out".

A shekarar 2024 kamfanin ya ƙara nisanta shi. Wanda ya danna sunansa sai ya ci karo da bayani kan Microsoft 365 da gurbin ajiyar OneDrive, hanyar fita kuwa aka tura ta bayan wasu ɗigo uku. Da ƙorafi ya yi yawa, aka dawo da ita fili kafin shekarar ta ƙare. Sai dai abin ya nuna irin mutumin da masu tsara manhajar suke gani a ransu: mai kwamfutarsa shi kaɗai, wanda fita daga asusu ba ta dame shi ba.

A Sifawa, garin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin komawarsa Sakkwato a 1815, da Boɗinga da Shagari da ire-irensu, galibi kwamfuta abar tarayya ce. Guda ɗaya a ofis takan bi hannun ma'aikata da yawa a yini. Guda ɗaya a shago takan karɓi ɗalibin da ya zo duba sakamakon WAEC ko NECO, da malamin da ke cike takardar neman aiki, da uban da ke buga takardar jarrabawar ɗansa. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai yin rajista, don haka abin da ke wucewa ta kan waɗannan alluna ya haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa, da ranar haihuwa, da imel, da lambar waya. A irin wannan wuri, barin asusu a buɗe daidai yake da tashi daga kanti a bar aljihun tebur da makulli a jiki.

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa, alhali sun sha bamban. Kullewa, wadda ake yi da maɓallin Windows haɗe da L, tana rufe allo ne kawai, duk ayyukan da aka buɗe suna nan. Rufe murfin laftof kuwa yawanci barci yake sa ta, idan babu kalmar sirri duk wanda ya ɗaga murfin zai tarar da komai yadda aka bar shi. Fita daga asusu ita ce ke rufe manhajojin mutum ta mayar da kwamfutar shafin shiga. Wanda bai son laluben Start yana da gajerun hanyoyi: Ctrl da Alt da Delete a tare, ko maɓallin Windows haɗe da X, dukansu suna kai mutum ga zaɓin fita.

Amma ga inda gizo ke saƙar: fita daga Windows ba ta fitar da kowa daga Gmail ko Facebook a cikin burauza. A shagon da kowa ke amfani da asusun Windows guda, mai zuwa daga baya zai buɗe Chrome ya tarar da akwatin saƙon wanda ya gabace shi. Wanda ya riƙe imel ɗin mutum kuwa yana iya sauya kalmar sirrin sauran asusunsa. Mai shagon ma bai tsira ba, domin Windows 11 tana matsa wa mutum ya haɗa kwamfutar da asusun Microsoft tun lokacin saita ta, kuma idan OneDrive na aiki, takardun kwastomomi na iya tarewa a ajiyarsa ta intanet ba tare da saninsa ba.

Wani zai ce sakacin mai amfani ne, ya kamata ya koya. Akwai gaskiya a ciki, amma tsari mai kyau shi ne wanda ke sa abin da ya dace ya zama mafi sauƙi. Kamfanin da ya iya samar wa hajarsa gurbi a gaban ido bai rasa gurbin da zai ajiye ƙofar fita ba.

Kafin Microsoft ya yi la'akari da mu, gyaran yana hannunmu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan duk wanda ke tattara su ko sarrafa su. Shugaban ofis ya buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa da kalmar sirrinsa, aikin 'yan mintuna ne. Mai shago ya raba asusunsa da na kwastomomi, ya riƙa buɗe musu tagar sirri ta burauza, wadda ke mantawa da shigar mutum da zarar an rufe ta, ya kuma goge takardun da aka sauke a ƙarshen yini. Masu koyar da kwamfuta su sa darasin fita a ranar farko, tare da darasin kunnawa. Mai karatu da ke da ƙane ko ɗa da zai je shago rajista, ya nuna masa yadda ake fita daga imel kafin ya miƙa masa kuɗin aikin.